Ɗan Gyartai Ya Ajiye Alƙalami

Akwai wata murya da ta ɓace daga lungunan Birni, tsohuwar unguwarmu ta Damagaram, ban kuma ji wanda ya yi cigiyarta ba. Idan na zauna a zaure da hantsi, ina jin 'yan garuwa suna wucewa, ina jin ƙarar baburan da muke ce wa moto, ina jin mai tallan robobi da ya ɗaura lasifika a amalanke tana maimaita magana guda har kunne ya gaji. Amma kiran nan mai tsawo, wanda ake jan ƙarshensa kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi, “Gyartaaai!”, ban san iyakar shekarun da na yi rabona da shi ba. Na san muryar sosai, domin ta mahaifina ce.

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. Gyartai shi ne mai ɗinke ƙwarya idan ta tsage. A zamanin da muka tashi, gida ba ya tafiya sai da duma. Da masaki ake wanke gero, a ƙwarya ake dama fura, ƙoƙo na kife a bakin randa, ludayi na soke a jikin dangar madafa, matafiyi kuma ba ya fita sai da gora. Tun asuba za ka ji su suna magana: ƙwarya ta gogi ƙwarya, ludayi ya bugi baki, tsaba ta zubo cikin masaki kamar yayyafi. Ran biki kuma a kifa ƙwarya a ruwa, mata su kaɗa. Ga shi Damagaram tun fil azal ruwa ba banza ba ne. Matar da ta yi sammako ta je ta ɗebo, ba za ta yarda ƙwarya ta riƙa shanye mata rabi a hanya ba. Shi ya sa in ƙwarya ta faɗi aka ji “ƙwas!”, sai a ɗauke ta a ajiye a kan rumfa, a jira ranar da gyartai zai biyo. Yanzu roba ce. In ta fashe a wurga ta bayan gida, babu mai ko waiwayarta, akuya ta zo ta shinshina ta wuce.

Baba dogo ne, siriri, ba shi da yawan magana. Kayan aikinsa duka a jakar fata guda suke: basilla uku, 'yar wuƙa da ta cinye saboda wasawa, da damin kaba. Idan aka kira shi, a ƙofar gida yake zama, a miƙo masa ƙwaryar da ɗan garwashi a kasko. Sai ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kara kunne, kamar mai tambayarta inda ke mata ciwo. Har yau in na ji ƙaurin duma ya ƙone, sai in ga basillarsa ta yi ja tana shiga, hayaƙi siriri yana tashi. Yakan ce, “Ƙwarya ba ta ƙarya. In ka cuce ta yau, gobe za ta kai ƙararka wurin uwar gida.” Mu a gida aikinmu shi ne jiƙa kaba da tsaga ta siri-siri da farce, ni da Yayata, wadda ta girme ni da shekaru masu dama. Mu biyu ne suka rayu a cikin 'ya'yan Inna, ni ne ƙarami, shi ya sa kowa ke ce mini Auta. Ni nakan yi sauri in gama in tafi hawan duwatsu da abokai. Ita kuwa sai ta zauna kusa da Baba, tana kallon hannunsa.

Da aka ɗauke ni lakwal, wato makarantar boko, a can na fara sanin cewa sana'ar ubana abin dariya ce. A unguwa ban taɓa jin haka ba, ko kuwa na ji ban gane ba. A lakwal akwai 'ya'yan fatake, da 'ya'yan dukawa masu alfahari da jar fatarsu, da 'ya'yan ma'aikata masu takalmi. In yaro ya zo da yagaggiyar riga sai a ce a kai shi wurin gyartai. In wani ya sami maki ya fara ɗaga kai, sai a jefa masa karin maganar nan, wai ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta. Ranar da mushe, malamin ajinmu, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar aikin iyayenmu, da ya zo kaina sai na ce, “Ɗan kasuwa ne.” Ya rubuta a babban kaye, littafinsa na rubutu, ya wuce.

Layin lakwal ɗin yana cikin hanyoyin Baba. Akwai manyan gidaje a wurin, masu mata da yawa da ƙore da yawa, kuma sun saba da shi. Wata rana an sake mu hutun hantsi, muna tsaye jikin katanga, sai ga kiran ya taso daga kwana. Yara suka ɗauka, suna kwaikwayo, suna jan ƙarshen suna dariya. Ga shi nan tafe, jaka a kafaɗa, ya ɗora wani masaki a ka. Wani ɗan unguwarmu ya tsunkule ni ya ce da ƙarfi, “Kai, ga babanka nan!” Duk suka juyo. Na ce, “Ba ubana ba ne. Ban san shi ba.” Katangar ba ta kai kafaɗar babba ba, tsakaninmu da shi bai fi taku goma ba. Bai juyo ba. Ya ci gaba da tafiya yadda yake yi, sai dai bai sake kira ba har ya sha kwana.

Da na koma gida na zaci duka, ko faɗa. Ban ga ko ɗaya ba. Muka ci tuwo tare da la'asar kamar kullum, ya tura mini gefen da miya ta fi yawa. Na ce a raina bai ji ba, na kuma riƙe wannan zato kamar yadda mai tsoro ke riƙe laya. Abu biyu kawai suka canza. Ban sake jin muryarsa a layin lakwal ba. Sa'an nan ya daina kirana tsagar kaba. Na ji Inna ta yi masa magana, ya ce, “Ƙyale shi, hannun alƙalami ne.” Wallahi a lokacin murna na yi.

Alƙalamin kuwa ya kai ni inda ya kai ni. Na yi aikin biro, wato ofis, a garuruwa da dama, ina buga takardu, ina sa hannu, ana gaishe ni da girmamawa. Ina aiko da abin da ya samu, in zo da salla in koma. Baba ya tsufa, roba ta shigo, kira ya ragu har ya daina fita. Ina can gabas labarin rasuwarsa ya same ni, kafin in iso an binne shi. Ban tambayi inda jakar take ba. Ban ma tuna da ita ba.

Da lokacin ajiye aiki ya yi, na dawo gida Birni, sai na tarar da wani abu da ba a gaya mini ba: rana tana da tsawo. Watannin farko nakan tashi in yi wanka, in sa manyan kaya, in ɗaura agogo, sa'an nan in tsaya a tsakar gida ban san inda za ni ba. Na shiga sa ido a kan abin da ba ruwana, gishiri ya yi yawa, tsintsiya ba a nan take ba. Ran nan Hajiya, matata, ta ce, “Malam, don Allah ka fita ka sha iska. Gidan nan shekara da shekaru yana tafiya ba darekta.” Na fita da ɗan fushi, na nufi gindin dogon yaro da ke bakin masallaci, inda wasu tsofaffi irina ke zama. Biyu daga cikinsu muka shaƙu. Ɗaya tsohon jandarma ne, har yanzu Jandarma muke ce masa, mutumin Damagaram Takaya, ƙato mai dariya kamar tsawa. Tun da ya tuɓe kaki ya koma saƙar malfa da ya koya yana yaro wurin kiwo. Ɗayan tsohon malamin lakwal ne, muna ce masa Mushe, shi kuma igiya yake tufka. Ba don sayarwa suke yi ba. Jandarma yakan ce hannun da ya zauna banza, shi ke fara mutuwa. Ya taɓa tambayata, “Kai fa, me hannunka ya iya ban da hatimi?” Na ce ba komai.

Wata safiya muna zaune, wata Bafulatana mai nono da ta saba biyowa ta zo wucewa, wani mai moto ya taho a guje. Garin kaucewa ta yi tuntuɓe, kayan suka zubo. Nono ya malale a ƙasa, babbar ƙwaryar ta tsage daga baki har kusa da gindi. Tsohuwar ƙwarya ce, ta yi ja saboda shekaru, an yi mata zane mai kyau. Matar ba ta ko dubi nonon ba. Ta durƙusa ta ɗauki ƙwaryar tana shafa tsagar, hawaye na zuba. Mushe ya ce ta yi haƙuri, ai akwai ƙore a kasuwa. Ta ce, “Baba, ta innata ce. Da ita aka kai ta ɗaki, da ita aka kai ni.” Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, “Kawo in gani.” Na juya ta, na ƙwanƙwasa da farce, na kara kunne. Jandarma ya saki baki yana kallona. Na ce wa matar ta dawo ran kasuwa mai zuwa.

Na sayi basilla wurin maƙera, na karɓi kaba wurin Jandarma, na yi kwana uku a kai. Hannuna ya tuna abubuwa da yawa da ni na manta, tsagar kaba, riƙon ƙwarya tsakanin gwiwoyi. Ɗinkin ya fito a jere, har na ji daɗi. Da matar ta dawo, aka zuba ruwa a gaban kowa. Ba a yi minti guda ba ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, a kan takalmina. Ta ce, “Ba komai, Baba, Allah ya saka. Zan riƙa zuba gero a ciki.” Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji a biro ba. Na roƙe ta ta bar mini ita mako guda. Na bi Birni da unguwar Zango ina tambayar ko akwai sauran gyartai. Wannan ya ce ya rasu, wancan ya ce ya koma ƙauye. Hajiya ce ta ce, “Kana yawon gari, ka je wurin Yayarka mana. Duk zuwan da na yi Hamdara ina ganin mata na kai mata ƙore.”

A ƙauyen Hamdara aka aurar da Yaya tun ina lakwal, can ta tsufa, mijinta ya rasu, tana zaune cikin 'ya'ya da jikoki. Na same ta a inuwar rumbu, idanunta sun yi fari-fari da yana, sai da na yi magana ta gane ni. Bayan gaisuwa na ɗora mata ƙwaryar a cinya. Ta bi ɗinkin da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, ta ce, “Wa ya yi wannan ɓarna?”

Na ce, “Ni ne, Yaya.”

Ta yi dariya har da tari. “Auta! Kai da ƙwarya? To, warware.”

Na zauna a ƙasa da babbar rigata na warware aikin kwana uku. Ta shiga ɗaki tana lalube, ta fito da jaka. Fatar ta yi baƙi, an sake mata maɗauri, amma ita ce. Ashe tun rasuwar Baba tana wurinta, kuma duk ƙwaryar da ta tsage a wannan yanki ita ake kawo wa. Ba ta taɓa yin kira ba, ba ta taɓa karɓar sunan gyartai ba. Wunin ranar ta koya mini abin da ban tsaya na gani ba ina yaro. Huji a karkace ake yin sa, ba a miƙe ba. Kafin a ɗinka, sai an murza lallausan zaren kaba an kwantar da shi a cikin tsagar, ɗinki ya hau kansa ya danne. Kaba kuma a jiƙe ake ɗinka ta, ba a ja da ƙarfi. Ta ce, “Kai ka ja kamar mai jin haushi. Bar mata wuri. In ta bushe ita za ta matse kanta.”

Muna cikin aiki ta zazzage jakar tana neman wuƙa, sai na ga basilla huɗu. Ta huɗun ƙarama ce, ƙotarta gajeriya, ba ta taɓa shiga wuta ba. Na ce ni uku na sani. Ta ɗauke ta tana juyawa. Ta ce, “Taka ce. Ya sa maƙeri ya yi maka, yana jiran babban hutu ya fara fita da kai.” Na ce to me ya hana. Ta ce, “Ka sani.”

Na ce, “Yaya, ya ji?”

“Ya ji mana. Kurma ne?”

Na tambaye ta abin da ya ce. Ta ce tana tankaɗe ya shigo, ya ajiye jaka, ya sha ruwa, ya ce wa Inna, “Daga yau na bar layin lakwal. Kada muryata ta hana yaron nan karatu.” Inna ta ce ai gidajen can su ne rabin abincinmu. Ya ce Zango ma akwai ƙore. Daga ranar ya riƙa zagaye, yana ƙara tafiya mai nisa a rana, har ƙafafunsa suka gaza. Ya kuma hana a yi mini maganar. Yaya ta ce, “Ni na yi fushi da kai shekaru. Shi ko kwana guda bai yi ba. Duk gidan da ya zauna ɗinki sai ya gaya musu ɗansa na aikin biro.” Sai kuka ya ƙwace mini. Ta bar ni na yi abin da zan yi, ba ta lallashe ni ba. Da ta ji na tsagaita sai ta turo mini ƙwaryar da ƙafa, ta ce, “Kabarka na bushewa.”

Ƙwaryar Bafulatana ta riƙe ruwa. Har yanzu da ita take biyowa, kuma ta hana ni sayen nono, kyauta take ba ni. Ita ce ta baza labari, sai ga ƙore suna fitowa daga ƙarƙashin gado da kan rumfuna, waɗanda aka ajiye shekaru an kasa zubarwa, an kuma rasa mai gyara. Kowace da labarinta. Da suka yi mini yawa, Jandarma ya ce in koya masa, shi kuma ya koya mini malfa. Mushe ya shigo, ya kawo kaye wai zai rubuta matakan, muka yi ta yi masa dariya. Wani tsohon direba ya zo, wani da ya yi aikin gidan waya ya zo. Muka tashi daga gindin dogon yaro muka koma zaurena, Hajiya tana ƙorafin kaba ta cika mata gida, tana kuma aiko mana da shayi. Ba na yaudarar kaina. Roba ta ci gari, ba mu ne za mu kore ta ba. Matasa sukan leƙo su ɗauke mu hoto da waya, su ce abin sha'awa, su tafi. A da mutum yana wannan aiki don ya ci tuwo, ana raina shi. Yanzu muna yi don rana ta wuce, ana yaba mana. Idan na tuna haka, yabon ba ya shiga ni sosai.

Bayan girbin da ya wuce, 'ya'yan Yaya suka kawo ta gari wurin lokotoro, likitan ido, ta sauka a gidana. An ɗaure mata ido da bandeji, an ce ta huta. Ina! Da hantsi ta ji motsinmu, ta sa aka riƙo hannunta har zaure. Tsofaffin nan duk suka gyara zama kamar an ce ga sufeto. Ta ce a miƙo mata aikin kowa, kada a faɗi mai shi. Ta shafa na farko ta ce, “Wannan ƙarfi ya yi masa yawa, ya ɗauka ɓarawo ya kama.” Jandarma ya fashe da dariya har ya faɗi da baya. Ta shafa na biyu ta ce, “Wannan kuma ya tsaya awo, ƙwarya ta gaji da jiransa.” Mushe ya rufe kayensa a hankali. Haka ta bi su duka, ba wanda ya tsira.

Nawa ne na ƙarshe, wani ɗan ƙoƙo ne na wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ya tsage gida uku. Ta bi shi da yatsa, ta juya, ta sake bi. Ina jiran in ji “warware”, har na miƙa hannu. Sai ta ce, “A ba ni ruwa.” Aka kawo buta. Ta tsiyaya a ƙoƙon har ya cika, ta riƙe shi a tafin hannu, ta daɗe tana jira. Sa'an nan ta shafa gindinsa, ta shafa cinyarta, ta ji a bushe. Ta yi bisimilla, ta kai baki ta shanye.

Ta miƙo mini ƙoƙon ta ce, “Mayar wa mai shi.” Ta dafa kafaɗata ta miƙe, na raka ta cikin gida.